Allunan Malam Muntari

Gummi,
14 ga Satumba, 2021

Zuwa ga uwargidana Rashida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ki lafiya. Yaya jikin ɗiyarmu Zinatu? Yaya zaman jinya, da sauron Anka wanda na ga ko gidan sauro bai ɗauka a bakin komai ba? Ki gaishe mini da Gwaggo Tabawa, Allah ya saka mata da alheri kan abincin da take kawo muku asibiti. Ni dai na iso gida lafiya, alhamdu lillahi, sai kewa.

Tunda aka yanke sabis ɗin waya a jihar nan mun koma zamanin kakanni, ga ni da biro da takardar da na yago daga littafin darasi. Halilu direba ya ce duk ranar da zai tafi Gusau zai tsaya Anka ya miƙa miki, in zai dawo ya karɓo amsa. Kada ki ce mini rubutunki ba shi da kyau. Ni na koya miki a ajin yaƙi da jahilci, kuma ban taɓa yaye ɗaliba mai mummunan rubutu ba, sai dai mai taurin kai.

Ban so barinku ba. Ke kika ce in dawo saboda gida da awaki, na bi umarni kamar kullum. Awakin suna nan, sun cinye rabin zogalenki, na yi musu faɗa a madadinki ba su ji ba. Makaranta na rufe har yanzu, kasuwa ma haka, don haka daga masallaci sai gida. Jiya na dafa shinkafa da wake, shinkafar ta dahu, waken ya ce shi sai baɗi.

Na san tambayar da ke bakinki ko ba ki rubuta ba: yaya allunana? Ke kika raɗa musu sunan, kika ce ba ki taɓa ganin malami mai alluna fiye da ɗari biyu wanda bai sauke ko izu ɗaya ba. Shekara biyar ina yi miki bayani kina katse ni da zancen cefane, to yau ba ki da hanyar katse ni. 'Yan fanel-fanel ɗin nan kore masu zanen tagulla, in aka jera wa kowanne kayan cikinsa aka liƙe, aka sa shi a ɗan akwatin ƙarfe, shi ne fedar jita. Mai kiɗa ya taka da ƙafa, muryar jitar ta sauya, wata ta yi kauri, wata ta yi amsa-kuwwa kamar a cikin rijiya. Tun ranar da Buzun nan na Nijar ya zo kiɗan biki ya nemi wanda zai duba masa tasa, aka ce ga malamin kimiyya, na buɗe na ga abin da ke ciki, ban sake zama daidai ba. Jiya na ƙirga su, ɗari biyu da goma sha uku. Biyu na haɗa, ɗaya ke aiki. Ba sai kin yi dariya ba, na yi a madadinki.

Rashin sabis ya raba ni da 'yan gurup ɗinmu na waya, mu arba'in da wani abu daga Gusau zuwa Jos zuwa Legas, duk ciwonmu ɗaya. Abdussamad na Gusau, shi da ke haɗa odarmu daga waje, na tabbata yana can yana zagaye ɗaki kamar wanda aka hana goro. Ni ma hakan ce.

Na yi ta zolaya ne don na kasa fara abin da ya kamata in fara da shi. Hoton Zinatu a hannunki cikin mota, jikinta na jijjiga, bai bar idona ba. Da likita ya ce dalma ce a jininta, ban dubi kowa ba sai ke, na ga fuskarki ta koma irin ta ranar da na fara ganinki a Yargalma shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ina jin tsoro, Rashida. Yarinya 'yar shekara uku, mai surutu kamar rediyo, yau kwana shida ba ta haɗa kalma biyu ba.

Kin ce zuciyarki na ba ki a gidan Innarki can Yargalma ta ɗauko ciwon, lokacin da kuka je babbar Sallah. Ina roƙonki kada ki yi gaggawar ɗora wa kowa. Ki dai ba ta maganin a kan lokaci yadda suka ce, sauran mu bar wa Allah.

Ki shafa mini kanta, ki ce Baba na gaishe ta. Allah ya ba ta lafiya, ke kuma ya ba ki juriya.

Mijinki mai kewarki,
Muntari

Gummi,
26 ga Satumba, 2021

Zuwa ga Rashida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jinya, ina gaida Gwaggo, ina gaida Inna in har yanzu tana nan Anka. Yaya ƙarfin jikin Zinatu? Na gode wa Allah da jin cewa jijjigar ta tsaya kuma ta fara shan kunu.

Takardarki ta zo jiya da hantsi. Na karanta ta a tsaye a tasha, na dawo gida na sake karantawa a zaune. Kin ce kin aika Yargalma cewa yayanki Surajo ya koma harkar dutsen zinariya a ɓoye, ya kawo guba gidan Inna, kuma ba ke ba shi har abada. Kin ce Inna ta taso a wannan hanyar da kowa ke tsoro ta zo tana kuka, Surajo kuma ya dafa Alƙur'ani a gaban liman cewa rabonsa da dutse tun shekarar da aka binne yaran garin da gubar dalma ta kashe. Kin tambaye ni ko ki yarda da rantsuwarsa.

Ki yarda. Surajo bai yi komai ba. Ni ne.

Zan faɗa miki daki-daki, don in na taƙaita zan sami wurin ɓuya. Akwai wasu 'yan tiransisto na tsofaffin rediyo, irin na zamanin iyayenmu, da ke ba jita wata murya mai kaushi wadda sababbi ba sa bayarwa. Duk ɗan gurup ɗinmu farautarsu yake yi, ni kuwa Allah ya ajiye ni inda suke. Kin tuna rediyoyin da nake karɓa a hannun makiyaya in ba su sababbi, har Dikko, ɗaya daga cikinsu, ya kawo mini ta mahaifinsa yana mamakin wautata. Cire kayan ɗaya-ɗaya da ƙarfen liƙi na cin lokaci, ga wuta ba ta zama. Sai na samo dabara a hutun Agusta. Duk Asabar da Lahadi in kin tafi Islamiyya kin bar mini Zinatu, sai in hura kurfotinki, in ɗora farantin silba, in kwantar da fanel a kai. In dalmar liƙin ta narke sai in ɗauko da filaya in buga a ƙasa. Kayan su zubo, dalmar ta tarwatse a tsakar gida ƙanana-ƙanana tana ƙyalli. Rediyo talatin da wani abu na yi wa haka.

Zinatu na gefena duk lokacin. Hayaƙin na bi ta kanta. Tana bin ƙwayoyin tana tsincewa cikin gwangwanin tumatir, wai tsakiyarta ce za ki yi mata abin wuya. Sau ɗaya na zaro ɗaya daga bakinta, na ja mata kunne da wasa, muka yi dariya mu biyu. Kafin ki dawo sai in share tokar da ƙurar zuwa gindin darbejiya, inda take wasan girkinta. Farantin kuwa in wanke shi in mayar cikin kwanukanki.

Na gaya wa kaina cewa gubar a dutsen rami take, wannan kuwa dalmar kamfani ce, tsabtatacciya, a naɗe cikin leda. Mutanen gari da yawa haka suka ɗauka, kuma su ana iya yi musu uzuri. Ni fa? Kimiyya nake koyarwa. A jikin naɗin wayar an rubuta abin da ke ciki, kuma ina iya karantawa. Ni ne saurayin da ya bi lungunan Yargalma da lasifika a 2010 yana roƙon mutane kada su niƙa dutse a gida, kada su bar yara su yi wasa a ƙasar. A ranar na gan ki zaune a ƙofar gidan mijinki na farko, kwana biyu da binne Abba, ɗan farinki da ba ki taɓa faɗin sunansa a gabana ba, sai a bakin Inna na ji. Da na zo neman aurenki bayan shekaru ba ki tambayi sadaki ko akwati ba. Abu ɗaya kika nema, cewa dalma ba za ta shiga gidan da za ki haihu ba. Na yi miki alkawari a zauren Inna, har ina jin haushin an tambaye ni. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Ranar da aka kwantar da ita, ma'aikacin nan mai takarda ya tambaye mu ko akwai mai haƙar zinariya a gidan, na ce babu. Ko ana niƙa dutse, na ce babu. Sai ya tambaya ko akwai mai narka ƙarfe ko fasa batir a gida. Na bar miki tambayar. Ke kika amsa, kika ce masa mijinki malamin makaranta ne, kin faɗa da alfahari. Ya rubuta, ni kuma na bar shi ya rubuta. A lokacin na riga na sani. Na dawo Gummi da sanina, na zauna na rubuto miki labarin awaki da wake, na bar ki kina zargin ɗan'uwanki. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, to ni na ja, ya doki Zinatu, ya doki Surajo, ya doki tsohuwar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Ki nuna wa likita takardar nan, don su san ainihin abin da suke yaƙa da inda yake. Ki karanta wa Inna ita, ko ki ba wani ya karanta mata in bakinki ba zai iya ba. Surajo kuwa ni zan rubuta masa da hannuna.

Ban ce ki yafe mini ba, ban kai nan ba tukuna. Ina son ki, ina son ɗiyarmu, kuma na san yau wannan maganar ba ta da nauyin ƙwayar gero a wurinki. Abin da nake roƙo kawai kada ki yanke hukunci sai ta warke.

Allah ya ba ta lafiya. Ki huta lafiya.

Ni ne,
Muntari

Gummi,
23 ga Oktoba, 2021

Zuwa ga Rashida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kina lafiya, ina fata Zinatu na ƙara samun sauƙi. Yaya Gwaggo da ƙafarta? Na ji an sallame ku daga gado, kuna gidanta kuna zuwa karɓar magani, Allah ya sa ƙarshen wahalar ke nan.

Sau huɗu Halilu na dawowa hannu wofi. Yanzu in ya hango ni a tasha sai ya kama duba taya. Ban yi fushi ba, shirun hakkinki ne. Na rubuto ne don ki san abin da aka yi a gidan, tunda likita ya ce ba za a mayar da yarinya inda ta ɗauko ciwon ba sai an gyara shi.

Ma'aikatan lafiya sun zo da na'urarsu ta gwajin ƙasa. Sun ce sun fara zuwa gidan Inna, ba su sami abin damuwa ba, ƙasar da aka zuba musu tun wancan lokaci na nan da kyanta. A nan kuwa, da suka ɗora ta a gindin darbejiya, mai riƙe da ita ya dubi lambar, ya dube ni, ya kira ɗan'uwansa shi ma ya gani. Ban tambaya ko nawa ne ba.

Tare da su Surajo ya zo, babu wanda ya aiko shi. Na shirya wa zagi, na shirya wa mari ma, kuma da ya yi da na ji sauƙi. Sai ya yi mini sallama, ya tambayi lafiyata, ya tuɓe riga ya ɗauki shebur. Kin san yana cikin waɗanda suka kankare ƙasar Yargalma a wancan karon, ya san aikin fiye da kowa. Kwana huɗu muna yi. Mu yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, mu kankare kamar tsawon yatsa, mu ɗura a buhu. Muka zubo jar ƙasa sabuwa, muka daɓe tsakar gidan da siminti tun daga bakin madafa har zaure. Kurfoti da farantin da kwanukan da suka kwana tare da shi duk sun tafi. Gwangwanin tumatir ɗin a bayan randa muka same shi, ya kai rabi. Surajo ya riƙe shi ya daɗe, sannan ya sa a buhu.

Allunan ma sun tafi, duka, da naɗin dalma da ƙarfen liƙi da tiransiston da na tara. Ma'aikatan sun nuna mana rami a bayan gari, aka shafe shi da yumɓu, muka juye. Ba zan yi miki ƙarya ba, na gama da ƙarya. Akwai ɗaya mai launin makuba, wanda guda hamsin kawai aka buga a duniya, na jira shi wata bakwai. Da muka zo bakin ramin sai na ga yana aljihuna, ban san lokacin da na sa shi ba. Surajo ya ga tudun aljihun. Ya jingina da shebur ɗinsa yana kallon gonar dawa, ya ƙi fara rufewa, har na ciro na jefa. Na ji zafin jefa shi, Rashida, kuma na ji kunyar jin zafin.

Kin san na zo Anka ranar Talata, tunda ke kika ba Gwaggo yarinyar ta fito mini da ita zaure. Na gode. Na ji motsinki a bayan ƙyaure, ban nemi ki fito ba. Zinatu ta rame, tana ɗan jan ƙafar hagu. Na kira sunanta ta dube ni kamar tana neman inda ta san ni. Ba ta ce Baba ba. Gwaggo ta ce kada in damu, ko ke sai jiya-jiya ta fara kira. Amma da na miƙa hannu ta kama babban yatsana ta riƙe, ba ta saki ba har aka kira azahar. A mota na yi kuka tun daga Anka har Nasarawa Burkullu, wani dattijo kusa da ni yana ta ba ni haƙuri a zatonsa rasuwa aka yi mini.

Na tambayi likita ko za ta koma yadda take. Ya ce dalmar za ta ragu a jini, amma abin da ta taɓa a ƙwaƙwalwa sai shekaru sun nuna, kuma babban abu shi ne kada ta sake haɗuwa da ita ko kaɗan. Na riƙe wannan.

Gidan na nan fes, ba ki taɓa ganinsa haka ba. Ɗakin da alluna suka cinye na share shi na shafa farar ƙasa, na ce ko Zinatu za ta so shi in ta girma. Ba na gaggauta ki. Duk ranar da kika ga dama, ƙofa a buɗe take, kuma mutumin da za ki tarar ba wanda kika bari ba ne.

Ki gaida Gwaggo. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki,
Muntari

Gummi,
30 ga Nuwamba, 2021

Zuwa ga Rashida, uwar ɗiyata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Zinatu da Gwaggo da duk mutanen gidan. Ina fata kun tashi lafiya. Za ki yi mamakin ganin takarda bayan sabis ya dawo. Abin da zan faɗa ba zan iya faɗinsa ina jin numfashinki a kunnena ba.

Takardarki ta makon jiya layi uku ce, na haddace ta. Lambar jinin ta sauka, likita ya yarda, za ku taho ranar Juma'a a motar Halilu. A ƙasa kika ƙara cewa Zinatu ta ga wani mai farar hula ta ce Baba. Na yi sujada a kan sabon simintin. Na wanke labule, na sayo sabuwar tabarma, na ɗaure awakin nesa da abin da ya rage na zogale. Wata biyu ban taɓa fanel ba, ban yi mafarkinsa ba sai sau biyu ko uku, na ɗauka na warke.

Jiya Litinin bayan azahar ina zaune a tsakar gida sai waya ta fara rawa a aljihuna. Sabis ya dawo. Na ciro ta da niyyar kiranki, Allah shaida ne, lambarki ce a sama. Sai saƙonnin gurup suka fara zubowa, sama da dubu uku, don su mutanen Gusau tun watan jiya aka buɗe musu. Na ce bari in leƙa in gaya musu na bar harkar. Da na shiga sai ga hotuna. Abdussamad ya karɓo sababbin alluna, cikinsu har da wani da muka shekara biyu muna jira a sake bugawa. Na buɗe hoton, na ƙara girmansa, ina bin hanyoyin tagullar da ido.

A nan kiranki ya shigo. Sunanki ya rufe hoton. Na kashe, Rashida. Da wannan babban yatsan da ta riƙe na kashe, na ce a raina minti ɗaya in kira ki. Kika turo saƙo cewa da alama sabis ɗin bai zauna ba tukuna, za ki sake gwadawa, Zinatu na kusa ko za ta yi mini magana. Na ga saƙon ya wuce ta sama, na ci gaba da abin da nake yi.

Na ce wa Abdussamad ya ajiye mini uku. Shi bai san komai game da Zinatu ba, ban gaya wa kowa a gurup ɗin ba. Ya yi murnar dawowata, ya tambaya ko ya haɗo mini da wayar liƙi, kuma wace iri, sabuwar nan marar dalma ko irin ta da. Ki sani, marar dalmar ta daɗe da fitowa, tun shekara uku da suka wuce aka kawo mini ita na gwada, na ajiye don ba ta narkewa da daɗi kuma liƙinta ba ya ƙyalli. Wannan ma ban taɓa gaya miki ba. Na rubuta masa cewa irin ta da. Ban yi tunani ba, hannuna ya rubuta kamar yadda yake kai lomar tuwo baki. Kiran la'asar ne ya ɗago kaina, na ga ina zaune a gindin darbejiya, a daidai wurin da aka kankare.

Na zauna in soke odar. Sau uku ina rubuta saƙon ina gogewa. Kafin in yi na huɗu ya turo cewa ya riga ya ɗaure kayan, zai ba Halilu ranar Juma'a da safe. Motar da za ta tsaya Anka ta ɗauke ku, ƙullin na cikin but ɗinta. Na kashe wayar tun lokacin, ban kunna ba, kuma har yanzu da nake rubutun nan ban soke ba.

Na kwana ina neman ƙaryar da zan yi wa kaina, kuma akwai su da yawa. In ajiye su a makaranta. In tara kawai ba tare da na liƙa ba. In wanke hannu, in sauya riga. Duk na san su, da irinsu na kai ɗiyata gadon asibiti. Siminti ya rufe ƙasa, amma wanda ya zuba gubar yana nan zaune a kansa, kuma jiya na ga ko kiranki bai tsayar da shi ba. Likita ya ce ko kaɗan, ni kuwa ba zan iya rantse miki da ko kaɗan ba. Na taɓa yi miki alkawari a zauren Inna, kin ga inda ya kai mu.

Don haka kada ki taho, Rashida. Na aika wa Surajo ya zo ya ɗauke ku ranar Alhamis ya kai ku Yargalma. Ƙasar gidan Inna an gwada ta, mutanen gidan ma an gwada su, sun fi ni. Abincinku da maganinta da duk abin da ya wajaba a kaina zai riƙa zuwa ta hannunsa. Ban sake ki ba, kuma ba na so, Allah ya sani ba na so. Amma in kika nemi takardar sakinki ba zan wahalar da ke ba. In kuma kika zaɓi jira, kada ki jira maganata, ki jira sai Surajo ya zo ya duba gidan da aljihuna ba tare da sanarwa ba, sau da yawa, ya ce miki ya gamsu.

Ina kewarku har ƙirjina na ciwo. Ina so in ji ta ce Baba da kunnena, kuma jiya an miƙo mini wannan na kashe. In ta sake ganin mai farar hula ta kira shi, kada ki gyara mata.

Ranar Juma'a zan je tasha in jira motar Halilu, ko kina ciki ko ba kya ciki. Na san wannan game da kaina yanzu, kuma shi ya sa bai kamata ki kasance a ciki ba.

Ki gaida Inna, ki roƙa mini gafararta. Allah ya raya Zinatu, ya tsare ta daga dukkan sharri, har da nawa. Wassalam.

Mijinki,
Muntari